Kilisar Sama

Akwai tambayar da Bahaushe ba ya gajiya da yi wa matafiyi: "Lafiya dai ko?" Ka ce ta'aziyya za ka, a taya ka addu'a. Ka ce ɗaurin aure ne, a ba ka saƙon gaisuwa. Ka ce sarin kaya ne, a ce Allah ya kawo kasuwa. To, ka kuskura ka ce bayan sallar asuba ka duba waya, ka ga da sauran kujera a jirgin Legas, ka biya, za ka je ka dawo kafin isha'i, ba wanda za ka gani, ba abin da za ka sayo, hawan jirgin kawai kake so. Nan take za a bi ka da kallon wanda ya dace a nemo wa mai ruƙiyya. Mai sauƙin baki ya ce kuɗi ne suka yi maka yawa, mai zafi ya ce almubazzaranci ne tsagwaronsa.

Mu ne mutanen da ake yi wa wannan kallo. Ba mu da yawa, kuma ba attajirai ba ne mu. Wasunmu aikinsu rubuta manhaja, wuni guda ido a kan allon kwamfuta, sai an yi wata da watanni ana tara canji kafin kuɗin tikiti su haɗu. Mun gaji da sunkuyar da kai muna ƙirƙiro uzurin ƙarya, wai akwai wani ɗan taro a Abuja. Babu taro. Jirgi muke so.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne masu zargin nan jikokin mahaya ne. A ƙasar nan mutum zai ciyar da ingarma shekara guda, dawa da harawa da kanwa da ladan mai kula da shi, da yamma ya ɗaura sirdi ya fita bayan gari ya zagayo ya dawo. Ba wanda ya taɓa tare shi ya ce ina za ka. Har suna muka ba abin, muka ce kilisa, kuma muna ganin ƙimar mai yin ta. Mun daɗe da yarda cewa hawa kansa abin so ne ko da babu inda za a je. Me ya sa da dokin ya zama na ƙarfe, ya yi fiffike, sai hankalin ya gudu? Tarihi ma ya haɗa su: jiragen da suka fara sauka a Kano, guda uku na sojan saman Ingila da suka taso daga Masar a 1925, a filin wasan dawakai suka sauka.

Wanda bai taɓa zama kusa da taga da niyyar kallo ba, ba zai gane abin da muke saye ba. Muna sayen daƙiƙun nan da jirgi ke tsayawa a bakin titinsa, injuna su ɗauki ruri, kujera ta tokare maka baya, ƙarfe mai nauyin tan sittin ko fiye ya kwasa da gudu har ya haura kilomita 250 a awa, sannan hancinsa ya ɗaga, ƙarar taya ta ɗauke ɗif. A lokacin hunturu, Kano na lulluɓe da hazo, sai jirgi ya yi ta kutsawa cikin ƙura, can kuma ya ɓullo sama da ita, ka ga shuɗin da mutanen ƙasa suka yi makonni ba su gani ba. Idan damina ce, gonaki ne shimfiɗe kamar tabarma, ƙasa na sauya launi daga ja zuwa kore shar, Kogin Kwara ya gifta yana ƙyalli. Tsakaninka da sanyin da ya kai digiri 50 ƙasa da sifili 'yar taga ce kawai, kana kurɓar shayi. Awa ɗaya da rabi ka sauka a garin da mota ke kwana a hanya kafin ta kai. Mu da muke gina manhaja mun san wuyar sa abubuwa goma su yi aiki tare ba tare da ɗaya ya ba da matsala ba, shi ya sa idan muka ga faifan bayan fiffike na zamewa a hankali lokacin sauka, sai mu ji kamar mu tafa. Mafi yawan fasinjoji kuwa sun ja labulen taga tun kafin a tashi, suna barci.

Mun san halin da ake ciki, ba a wata duniya muke zaune ba. Tikitin zuwa da dawowa ya fi albashin wata na mutane da yawa. Duk wanda ya bar gida babu cefane, ko ya ci bashi, ko ya danne kuɗin makarantar yara don ya hau jirgi, ba ma tare da shi, kuma ba don shi muka ɗauki alƙalami ba. Amma a auna kowa da mudu ɗaya. Wanda ke kiran mu almubazzarai shi ne ya ɗinka anko uku a wata guda, ya yi liƙi a gidan biki har aljihu ya bushe, ya sauya wayar da ba ta yi shekara ba saboda an fito da sabuwa. Nasa kashe kuɗin jama'a sun saba da shi, shi ke nan ya zama al'ada. Namu baƙo ne, sai ya zama hauka. Ashe ba kuɗin ake ji ba.

Akwai kuma 'yan boko irinmu da suka kwaso wata hujja daga Turai, wai hawa jirgi abin kunya ne saboda hayaƙin da ke ɗumama duniya. Hayaƙin gaskiya ne, ba ma musu. Faransa ma a 2023 ta hana wasu gajerun tafiye-tafiyen sama inda jirgin ƙasa zai kai mutum cikin ƙasa da awa biyu da rabi. Sai dai Faransa tana da jirgin ƙasan. Afirka kaf, da mutanenta sama da biliyan ɗaya, rabonta a zirga-zirgar jiragen duniya bai wuce kashi biyu zuwa uku cikin ɗari ba. A ce ɗan Kano da ke hawa sau ɗaya a shekara shi zai ɗauki kunyar waɗanda ke hawa duk mako? Wani ya ci nama, wani ya sha bugu.

A wasu ƙasashe ba a ɓoye wannan so. A Amurka masu ƙananan jirage na tashi ranar hutu su sauka a wani gari su ci abincin rana su juyo, har suna yi wa abin laƙabi da sunan burodi da naman da aka ci a kan dala ɗari. A 2020, da annobar korona ta rufe iyakoki, kamfanin Qantas na Ostireliya ya sayar da tikitin jirgin da zai tashi daga Sidni ya yi awa bakwai yana shawagi ya sake sauka a Sidni, kujerun suka ƙare cikin minti goma. Kuma tun 1992 wata ƙungiyar matuƙa a Amurka, EAA, ke ɗaukar yara kyauta a zagaya da su sama, yaran da suka hau sun haura miliyan biyu.

Wannan na ƙarshen shi ne ya fi ci mana rai. Muna da kwalejin koyon tuƙin jirgi a Zariya tun 1964, a tsakiyarmu. Amma yaro a unguwanninmu yana tashi da sanin cewa jirgi na alhazai ne da 'yan siyasa. Idan ya ƙera na kwali ko na gwangwani, a ce ya bar shirme ya je ya yi abin kirki. A 2007 jaridun duniya sun ɗauki labarin wani ɗalibin jami'a a Kano da ya haɗa helikwafta da tarkacen mota da babur, aka yi ta mamaki kwana biyu, aka wuce wurin. Gobe kuma mu zauna a majalisa muna ƙorafin cewa 'ya'yanmu ba su da yawa a cikin matuƙa da injiniyoyin jirage. Daga ina za su fito? Ba wanda ke jure shekarun karatun nan da tsadarsa sai wanda abin ya shiga ransa tun yana ƙarami, kuma mu ne ke kashe masa shi da dariya. 'Yan'uwan nan biyu, Wilbur da Orville Wright, masu gyaran keke ne. Tashinsu na farko ranar 17 ga Disamba 1903 daƙiƙa 12 ne, tsawon mita 37. Da a majalisarmu suke, da an tambaye su wa suka je gani.

Ba mu ce kowa ya hau ba. Muna dai neman hukumomin filayen jirage su ware wuri mai inuwa inda uba zai kai 'ya'yansa ranar Asabar su kalli tashi da sauka ba tare da mai gadi ya kore su ba. Muna neman kamfanoni su riƙa cika lokaci, domin tafiyar yini ɗaya ba ta jure jinkirin awa biyar, kuma mun sha wuni a ɗakin jira har jirgin dawowarmu ya riga na tafiyarmu tashi. Wanda kuma ya ga mun saɓa 'yar jaka da sassafe babu akwati, ya daina tambayar wa ya rasu. Kilisa za mu, a ajiye mana tuwon dare.