Wa Zai Rubuta Dajin Rugu?

'Yan'uwa marubuta, akwai wata magana da ta daɗe tana ci mana tuwo a ƙwarya, mu mazauna Kutawa da sauran ƙauyukan da ke tsakanin Dutsin-Ma da Kurfi. Duk mai sauraron rediyo ya san sunan Dajin Rugu, wanda ya ratsa Batsari da Safana da Ɗanmusa ya miƙa har cikin Zamfara, amma a matsayin maɓoyar 'yan bindiga kawai ya san shi. Da wuya ka ci karo da littafin Hausa da ya gaya wa mai karatu irin itatuwan da ke cikinsa, ko mutanen da suka rayu da shi, ko yadda aka yi ya suɓuce daga hannunsu.

Wannan ba baƙon ciwo ba ne. A Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, waɗanda suka fito daga gasar 1933, daji hanya ce da jarumi yake ratsawa ya gamu da aljanu ya wuce. Ba mu ga laifinsu ba, domin daga tatsuniya suka ɗora harsashi. Abin takaici shi ne bayan shekara 90 marubutanmu suna nan inda aka bar su. Littattafan soyayya sun tare a falo da cikin mota, in kuwa an leƙa daji, to kishiya ce za ta wurin boka, a ƙarƙashin “wata ƙatuwar bishiya” marar suna. Marke ce, ko ƙirya, ko kanya? Marubucin bai sani ba, ɗalibanmu da ke karanta shi a aji su ma sun tashi ba su sani ba.

Wasu matasa kuma sun karanta rubutun Turawa a kan daji, sun dawo suna rera mana kyawun sarari da kukan tsuntsaye inda babu ɗan Adam. Henry Thoreau ya yi shekara biyu a bakin wani tafki a Amurka ya rubuta Walden a 1854, ya kuma yi wa mutanensa amfani. Sai dai a tuna, wannan daji marar kowa da Amurkawa ke yabo yana da masu shi. Gandun Yellowstone da aka kafa a 1872 sai da aka kawar da 'yan asalin wurin daga cikinsa. Namu dajin bai taɓa zama kango ba. Akwai makiyayi da burtalinsa da mashayarsa, akwai maharbi, da masassaƙi, da mai ɗebe zuma, da mata masu tsintar kaɗe. Ko sunan Dutsin-Ma, kamar yadda tarihin baka ya nuna, daga wani maharbi ne mai suna Ma. Duk wanda ya siffanta daji babu mutane, ya sani ko bai sani ba, ya share wa mai neman kewaye shi da waya hanya.

Sai masu cewa rubutu a kan kuka da tsamiyar da ake jingina wa iskoki farfaɗo da maguzanci ne. Mu ma Musulmi ne, kuma mun san bambancin ba da labari da yin bauta. Malamai ne suka rubuta tarihin sarakunan Kano da Larabci, ba su kuma ɓoye Barbushe da Tsumburbura ba. Tambayar da ta dace da marubuci ita ce: a da tsoron iskoki yana hana a kai wa wasu itatuwa gatari, to da wannan tsoro ya kau, me ya maye gurbinsa? Tsoron Allah ya kamata ya maye. Manzon Allah (SAW) ya keɓe hurumin kiwo a kusa da Madina, ya kuma koyar da cewa wanda ya dasa itace har mutum ko dabba ko tsuntsu ya ci, an rubuta masa sadaka. Ina wannan a cikin labaranku? Ga mai toya gawayi yana kwantar da ƙiryar da ta girmi kakansa, saboda yaransa na jin yunwa. Wannan kaɗai ya isa littafi guda.

A nan ne gizo ke saƙa, domin da zarar an taɓo mallakar daji sai a ce adabi ba ruwansa da siyasa. A 1965 gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe wuraren kiwo. A 1978 dokar mallakar ƙasa ta danƙa filaye a hannun gwamnoni. Fari ya auka mana a 1973 da 1984. Burtali ya yi ta tsukewa, gonaki suka yi ta shiga gandun daji. Wa ya sa hannu, wa aka ba, wa aka kora? A Disamba 2020 aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara aka nausa daji da su. A 2021 gwamnatin Katsina ta hana motoci ɗauko itace daga daji, ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwanni har da ta Dutsin-Ma, aka kuma katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13. Ba muna nema wa masu kisa uzuri ba ne, Allah Ya isar wa waɗanda aka zalunta. Amma jarida adadin gawa take kawowa. Marubuci ne zai iya nuna yadda ɗan makiyayi da ɗan manomi, waɗanda iyayensu suka yi musayar nono da hatsi, suka wayi gari ba sa ga maciji.

Kada a ce alƙalami ba ya tsinana komai. Littafin Rachel Carson na 1962 yana cikin dalilan da suka sa Amurka ta hana feshin DDT a gonaki a 1972. Ken Saro-Wiwa, tsohon shugaban Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya, ya yi ta rubutu a kan ƙasar Ogoni har aka rataye shi a 1995. Ga kuma maƙwabtanmu na Maraɗi da Damagaram: tun wajen 1984 manoma suka riƙa barin tohon gawo da sauran itatuwa a gonakinsu suna yi musu aski, har aka ƙiyasta kadada miliyan 5 ta sake yin kore. Hausawa ne suka yi aikin, amma da Turanci da Faransanci duniya ta ji labarin.

Saboda haka muna kira ga shugabannin ƙungiyarmu da su ware gasa guda a kan daji da mutanensa. Ba mu ce kowa ya kai kansa Rugu ba. Tsofaffin maharba da arɗaɗai da malaman daji suna nan cikin waɗanda suka yi gudun hijira zuwa Dutsin-Ma da Batsari da Katsina. A je a durƙusa a gabansu da littafi da biro, a tambaye su sunan kowane ice da kowane rafi, da shekarar da suka bar ganin gada da barewa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma waɗannan dattawa kullum raguwa suke yi. Allah Ya dawo mana da zaman lafiya, Ya sa mu dace, amin.