Laifin Ba na Kalandar Yahudawa Ba Ne

Akwai wata ɗabi'a tsakanin masu rubuta manhaja wadda ya kamata a kira ta da sunanta, wato ganganci. Mutum zai zauna da yamma ya jera 'yan layukan umarni a bash domin mayar da kwanan watan Miladiyya zuwa na kalandar Yahudawa, ya gwada da ranar da yake ciki, ya ga ta fito daidai, ya miƙa wa jama'a. Bayan wata uku lissafi ya zame da kwana guda. Maimakon ya bi diddigin dalili, sai ya ƙara ɗaya a wani layi, ya ce ai kalandar ce mai wuyar sha'ani. Wannan uzuri bai karɓu ba. Kalandar Yahudawa ta yau ba ta jiran ganin jinjirin wata. Lissafi ce zalla, wadda Musa bin Maimun ya tsara ƙa'idojinta dalla-dalla tun ƙarni na 12, kuma kowace rana amsarta ɗaya ce tak.

Wasu kura-kuran ma ba su da alaƙa da Yahudawa ko kaɗan. A wurin bash, duk lambar da ta fara da sifili lamba ce ta tushe takwas. Umarnin date kuwa yana fitar da Agusta a matsayin 08, Satumba 09, sai shirin ya tsaya cak, domin babu 8 ko 9 a wancan tsarin. Wannan da sauƙi, tunda ya yi ƙara. Mai haɗarin shi ne wanda ke wucewa shiru: idan aka nemi lambar rana cikin shekara, 10 ga Janairu za ta fito 010, bash ya karanta ta a matsayin 8, ya ci gaba da lissafi ba tare da ya ce uffan ba. Maganinsa haruffa uku ne, a sa 10# gaban lambar.

Babbar matsalar tana cikin abin da marubucin shirin ya ɗauka cewa kowa ya yarda da shi, wato rana tana farawa da ƙarfe sha biyun dare. Ga Yahudawa rana tana shiga ne da faɗuwar rana, abin da Bahaushe bai buƙatar a yi masa bayani, tunda daren Juma'a a wurinsa tun magaribar Alhamis ya fara. A ɗauki mutumin da ya rasu a Birnin Ƙudus da ƙarfe takwas na daren 2 ga Oktoba, 2024. Shirin da bai tambayi sa'a ba zai rubuta 29 ga Elul, 5784. Gaskiyar kuwa 1 ga Tishrei, 5785 ce. Rana ta kuskure, wata ya kuskure, shekara ma ta kuskure. Iyalan mamaci da wannan kwanan suke tuna shi kowace shekara, su kunna kyandir, su yi masa addu'a. Wanda ya ce kwana ɗaya ba wani abu ba ne, bai tsaya ya tambayi mai amfani da shirin abin da zai yi da amsar ba.

Sai batun watan Adar. Domin watanni su ci gaba da tafiya tare da yanayin shekara, ana ƙara wata na goma sha uku sau 7 cikin kowace shekara 19. A irin wannan shekara Adar biyu ne, kuma bikin Purim a na biyun yake faɗuwa. A 2024 ya kama 24 ga Maris. Shirin da ya san Adar ɗaya kawai zai iya tura mutum 23 ga Fabrairu, kwana talatin kafin lokaci. Tsawon shekarar kansa kala shida ne: kwana 353, 354 ko 355, ko kuma 383, 384 ko 385, domin watannin Heshvan da Kislev kan zama 29 ko 30. Abin da ke yanke wannan shi ne ƙa'idoji huɗu na jinkirta sabuwar shekara, waɗanda mafi shahararsu ta hana ta faɗawa Lahadi, Laraba ko Juma'a. A nan ne mafi yawan shirye-shiryen gida ke tuntuɓe, domin mai rubutu ya sa ƙa'ida ɗaya ko biyu, ya bar ragowar saboda ba kasafai suke tasowa ba.

Masu kare wannan hali sukan ce ƙaramin shiri ne, kuma rubuta shi hanya ce ta koyo. Rabin maganar gaskiya ce. Bash ma ya dace da aikin fiye da yadda ake zato: bai iya lissafi da ɓarin lamba ba, kalandar kuwa ba ta buƙatarsa, tunda ta raba sa'a kashi 1080, ta ƙayyade wata a kwana 29 da sa'a 12 da kashi 793. Koyo halal ne. Amma da zarar an ɗora shirin a inda wani zai dogara da shi wajen sa ranar biki ko ranar tuna mahaifinsa, ya tashi daga atisaye ya zama amana. Kuma ba a rasa abin dogaro ba: manhajar hebcal ta daɗe tana wannan aiki, littafin Calendrical Calculations na Dershowitz da Reingold ya shimfiɗa hanyar lissafin tiryan-tiryan.

Wanda ya dage sai ya rubuta nasa, to ya gwada shi yadda ya kamata. Nau'o'in shekara a wannan kalanda 14 ne, idan aka haɗa tsawonta da ranar da ta fara, kuma gwajin rana ɗaya ba ya taɓa ko da ɗaya daga cikinsu gaba ɗaya. Kwamfuta za ta iya kwatanta amsar shirin da ta hebcal, rana bayan rana, na tsawon shekara ɗari biyu, kafin mai shirin ya gama shan shayinsa. Sannan ya ƙara tambaya ɗaya ga mai shigar da kwanan wata: kafin faɗuwar rana abin ya faru, ko bayanta?