A Kai Yara Su Gani Da Idonsu

Al'ada ce mai kyau a makarantunmu, idan zangon karatu ya zo ƙarewa, a ɗebi ɗalibai a mota a kai su ziyarar ƙaro ilmi. Galibi akan tsaya a gidan namun daji ko gidan kayan tarihi, a ci abinci, a dawo. Amma da zarar shugaban makaranta ya ce bana Hukumar Binciken Sararin Samaniya ta Ƙasa za a nufa a Abuja, akan sami iyayen da za su janye 'ya'yansu, wai zancen kumbo da zuwa wata shisshigi ne cikin ikon Allah. Mu a ganinmu wannan tsoro ba shi da tushe, kuma yaran ne ke yin hasara.

Da farko ya kamata a san abin da za a nuna wa yaran. An kafa wannan Hukuma a 1999. A 2003 aka harba tauraron ɗan Adam na farko na Nijeriya daga ƙasar Rasha. A 2011 aka harba NigeriaSat-X, wanda injiniyoyin Nijeriya suka ƙera da hannunsu a lokacin da suke koyon aiki a Ingila. Da hotunan irin waɗannan taurari ake auna gonaki, a ga inda ambaliya ta ci, a lura da yadda hamada ke gusowa. Ɗan manomi da ya ga hoton kogin garinsu an ɗauko shi daga sama, ya kuma ji cewa ɗan ƙasarsa ne ya haɗa na'urar, lalle ba zai sāke ɗaukar darasin lissafi abin wasa ba. Gani ya kori ji.

Game da addini kuwa, tarihi ya isa shaida. Malaman Musulunci na dā, irin su Albattani da Albiruni, sun zurfafa cikin ilmin taurari, kuma neman alƙibla da lokutan salla na cikin abin da ya zaburar da su. Mu ma nan ba baƙi ba ne ga wannan fanni, domin Malam Muhammadu Alkatsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya shahara a ilmin hisabi da na taurari. Har gobe kuma da duban wata muke ɗaukar azumi, da shi muke ajiyewa.

A wannan zamani ma Musulmi sun je sararin samaniya da addininsu. Yarima Sultan bin Salman na Saudiyya ya je a kumbon Amurka a 1985. A 2007 likitan nan na Malesiya, Sheikh Muszaphar Shukor, ya tashi zuwa tashar sararin samaniya ta duniya a cikin watan Ramalana. Tashar nan takan kewaya duniya kusan sau 16 a kwana ɗaya, watau rana ta fito ta faɗi sau 16. To, salla nawa ke kansa? Malaman ƙasarsa ba su ce masa ya zauna gida ba. Sai suka zauna da masana kimiyya, suka fitar da bayani cewa ya bi lokutan wurin da kumbon ya tashi, ya fuskanci alƙibla gwargwadon ikonsa. A 2023 kuma Rayyanah Barnawi ta Saudiyya ta bi sahu, abin da ya kamata iyayen 'ya'ya mata su lura da shi.

Ba mu ce damuwar iyaye duk shirme ce ba. Yaro zai dawo da tambayoyi masu nauyi game da halittar sammai da ƙasa, kuma idan bai sami mai ba shi amsa ba, zai ɗauka cewa tilas ya zaɓi ɗaya, ko boko ko addini. Maganin wannan shi ne malamin kimiyya da malamin addinin Musulunci su shiga mota ɗaya, su shirya tun kafin a tashi, su amsa tambayoyin tare.

Saboda haka muna kira ga Ma'aikatun Ilmi na jihohi da su ware kuɗin irin wannan ziyara cikin kasafinsu, don kada ta zama ta 'ya'yan masu hali kaɗai. A tabbatar da lafiyar motoci da tsaron hanya, a tafi da malamai mata saboda 'yan mata, kada kuma a manta da makarantun ƙauye da na Islamiyya. Waɗanda Abuja ta yi wa nisa, ga Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama a Zariya, ga madatsun ruwa na Tiga da Kainji, duk aikin injiniya ne abin nunawa.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Muna fata iyaye za su sa hannu a takardar izni idan ta zo, malamai kuma su riƙe amana. Allah Ya sa mu dace.