Mu Muka Mai da Likita Dodo

Kwanakin baya na ga abin da ya ɓata min rai a ɗakin jiran wani likitan haƙori. Yarinya ce da ba ta wuce shekara biyar ba, kunci a kumbure, ta ƙanƙame ƙafar benci tana kururuwa. Uwar tana fincikarta tana rantsuwa: "Wallahi ba abin da zai yi miki, dubawa kawai zai yi." Ƙarya take yi, kuma ta sani. Haƙorin ya ruɓe har gindi, cirewa za a yi.

Wa ya dasa wa yarinyar nan wannan tsoro? Mu ne. Yaro ya ƙi cin tuwo: "Bari in kira likita ya yi maka allura." Ya ƙi barci, allura. Ya yi ƙiriniya, allura. Sai mun shekara biyar muna ɗinka wa dodo farar riga, rana ɗaya mu kai yaro gabansa mu ce buɗe bakinka!

Kuma ba ma zuwa sai ciwo ya hana gida barci. "Ai na famfara ne, zai faɗi." Haƙoran nan 20 su ke tsare wa na girma gurbi, turamen cikinsu ma sai yaro ya kai shekara 10 zuwa 12 suke zubewa. Turmin farko na girma kuwa wajen shekara 6 yake tsirowa can ƙurya, ba tare da wani ya faɗi ba. Sai iyaye su ɗauka shi ma na famfara ne, su bar wa alawa da lemon kwalba. In ya tafi ba ya da magaji. Shi ya sa likitoci ke cewa a kai yaro da zarar haƙorin farko ya leƙo, kafin ya cika shekara, lokacin da ba abin da ke masa ciwo.

Za a ce min kuɗi, za a ce likitocin duk sun tare a birni. Na yarda. To, gaya wa ɗanki gaskiya nawa ake biya? Ki ce masa akwai kujera mai kwanciya, da fitila, da ɗan madubi. Ki ƙirga haƙoransa a gida, shi ma ya ƙirga naki. In abin zai ɗan yi zafi, ki faɗa masa, ki riƙe hannunsa.

Da suka fito, yarinyar da auduga a baki, uwar ta tsaya wajen mai tebur a bakin ƙofa ta saya mata alawa ta lallashi.