Gajiyar da Barci Ba Ya Magancewa

Babu kukan da ya fi yawa a bakin jama'armu game da asibitocin gwamnati kamar kukan wulaƙanci, har ya zamana da wuya a ambaci asibiti a majalisa ko a gidan suna ba tare da wani ya kawo labarin malamar jinyar da ta daka masa tsawa ba, ko ungozomar da ta yaɓa wa mai naƙuda baƙar magana, ko likitan da ya rubuta magani bai ko ɗaga kai ya dubi fuskar mai ciwo ba. Kuma hukuncin da akan yanke a ƙarshen zance ɗaya ne, wai mutanen nan ba su da imani. Ba na musun cewa akwai masu mugun hali a cikinsu, gama kowace sana'a da nata bara-gurbi, amma ina ganin an yi gaggawar hukunci, domin akasarinsu ba da wannan hali suka shiga aikin ba, kuma wajibi ne ga mai neman gaskiya ya binciki sababin da ya sauya su.

Masana sun daɗe da lura da wannan al'amari. A shekarar 1974 wani masanin halayyar ɗan Adam a birnin New York, Herbert Freudenberger, wanda ke aiki a wani asibitin kyauta da ke kula da mashaya ƙwaya, ya rubuta yadda 'yan sa-kai masu zuwa da himma da tausayi sukan wayi gari, bayan kamar shekara guda, jikinsu ya mutu, zuciyarsu ta bushe, suna ƙyamar mutanen da suka zo taimako. A watan Mayu na 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shigar da wannan hali cikin sabon kundinta, ta bayyana shi da alamomi uku: ƙarewar ƙarfi, da nisantar zuciya daga aikin har mutum ya riƙa yi masa kallon raini, da raguwar ƙwazo. Hukumar ba ta lissafa shi cikin cututtuka ba, ta jingina shi ne ga matsin wurin aiki wanda ya daɗe ba a magance shi ba. Duk mai basira zai ga cewa alama ta biyun nan ita ce ainihin abin da muke kira rashin imani a bakin ƙofar ɗakin haihuwa.

A dubi ɗakin marasa lafiya na wani babban asibiti da tsakar dare, lokacin da aka ɗauke wuta, janareta kuma babu mai. Malamar jinya guda, wadda ta karɓi aiki tun bayan sallar isha'i, ta riƙe waya a baki tana haska hannun wani yaro domin neman jijiyar da za ta sa masa ƙarin ruwa, jijiyar kuwa ta ɓuya saboda amai da gudawa. A gadon can wata tsohuwa na kiran "Sista, Sista", a waje kuma wani magidanci na buga ƙofa da katin matarsa a hannu, yana ganin an ƙyale shi ne da gangan. Safar hannu ta ƙare, sai an aiki mai jinya ya sayo a kemis. Likitan da ke kwanan aiki bai runtsa ba tun jiya, kuma da gari ya waye ba gida zai nufa ba, zagayen duba marasa lafiya ke jiransa. Wanda ya yi irin wannan dare sau ɗaya, gajiya ce barci zai raba shi da ita. Amma wanda ya shekara biyar a haka, albashi na zuwa a makare, hutun shekara na ɗagewa saboda babu mai canjinsa, to zuciyarsa takan koyi kulle kanta domin ta tsira, kuma idan ta kulle ba ta bambance wanda ya cancanci tsawa da wanda ya cancanci lallashi.

Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya faɗa a 2024 cewa likitoci tsakanin 15,000 da 16,000 sun bar Nijeriya cikin shekaru biyar, alhali waɗanda suka rage ba su wuce kimanin 55,000 ba, su ma galibinsu a manyan birane suke. Duk wanda ya tafi Ingila ko Saudiyya, nauyinsa kan wuyan abokin aikinsa yake komawa, shi kuma idan nauyin ya ishe shi sai ya fara neman takardun fita. Illar yawan aiki ba ta tsaya ga ɗabi'a kaɗai ba, domin binciken haɗin gwiwa da Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya suka fitar a 2021 ya ƙiyasta cewa mutum 745,000 sun rasu a 2016 da shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya sakamakon aikin awa 55 ko fiye a mako.

Abin da ya fi damuna shi ne maganin da muka saba bayarwa, wato "a yi haƙuri, aikin lada ne". Haƙuri ɗabi'a ce mai girma, ba mai ja da wannan, sai dai kalmar takan zama zalunci idan ta fito daga bakin wanda ke da ikon sauƙaƙa nauyin amma ya ƙi. Addininmu bai san ibadar da ke halaka mai yinta ba, balle aikin albashi. Sananne ne labarin Salmanul Farisi da ya ziyarci ɗan'uwansa Abud Darda'i, Allah ya ƙara musu yarda, ya tarar ya duƙufa kan azumi da tsayuwar dare har ya yi sakaci da iyalinsa, sai ya sa shi ya ci abinci ya kwanta, ya tunatar da shi cewa jikinsa da iyalinsa ma suna da haƙƙi a kansa, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gaskata Salmanu. Haka nan an hana ɗora wa mai hidima abin da ya fi ƙarfinsa, in kuwa an ɗora, sai a kama masa. Malaman fiƙihu ma, a babin ijara, sun sharɗanta a san iyakar aiki kamar yadda aka san iyakar lada. Aikin da ba a san sa'ar tashinsa ba kuwa, ban ga yadda ya cika wannan sharaɗi ba.

Lalle ma'aikaci yana da nasa rabon: ya kiyaye barcinsa da ƙailularsa in ya samu hali, ya karɓi hutunsa kada ya sayar da shi, ya faɗa wa abokin shawara damuwarsa, ya ga likita in baƙin ciki ya zarce. Amma tara ma'aikata a otal ana koya musu numfashi a hankali (kuɗin taron kuwa da ya biya alawus ɗin wasu), sannan a mayar da su kan jadawalin da ya karya su, wannan ba gyara ba ne.

Gyaran yana ga hukuma, kuma wasu ƙasashe sai da aka yi rashi suka farga. A New York, rasuwar wata yarinya mai suna Libby Zion a 1984, a hannun ƙananan likitocin da aiki ya yi wa yawa, ita ta kai ga dokar 1989 da ta taƙaita aikinsu ga awa 80 a mako, aka kuma game ƙa'idar a duk Amurka a 2003. A Jafan, bayan wata matashiyar ma'aikaciyar kamfanin talla na Dentsu ta kashe kanta a Disamban 2015 saboda yawan aiki, majalisa ta yi dokar ƙayyade ƙarin lokacin aiki a 2018. Mu kuwa Dokar Ƙwadagonmu, wadda muka gada tun shekarun 1970, ba ta yanke adadin awannin mako ba, ta bar shi ga yarjejeniya, hutun shekarar da ta wajabta kwana 6 ne kacal, kuma ma'anar da ta ba wa ma'aikaci ta fitar da ƙwararru irin su likitoci.

Saboda haka ina kira ga majalisun jihohinmu da kwamishinonin lafiya, waɗanda asibitocin talakawa ke hannunsu, su rubuta iyakar kwanan aiki a cikin ƙa'ida, su wajabta hutun yini ga wanda ya kwana a asibiti, su cike gurbin duk wanda ya yi ritaya ko ya tafi cikin watanni ba shekaru ba, kuma idan mai ciwo ya kawo ƙarar wulaƙanci, kwamitin ladabtarwa ya nemi a kawo masa jadawalin aikin wannan makon tare da takardar ƙarar, ya ga awa nawa wanda ake tuhuma ya yi a tsaye, da kuma sunan jami'in da ya sa hannu a jadawalin.