Gammon madubin hangen taurari

Wanda ya ƙera na'urar hangen taurari da hannunsa yakan share watanni yana gogar gilashi, sa'an nan ya ɓata aikin a yini guda wajen girka madubin a gindin bututu. Dalili kuwa, gilashi duk taurinsa yana lanƙwasa da nauyin kansa. Ido ba ya ganin lanƙwasar, amma in ta zarce kimanin kashi ɗaya bisa dubu na kaurin gashin kai, sai tauraro ya soma bajewa. Don haka ake yi wa madubi mazauni na musamman, wanda aikinsa aikin gammo ne: ya ɗauki kaya, ya raba nauyi, kada ya matse.

Tushen dabarar bai wuce ta murhu ba. Duwatsu uku ke riƙe tukunya ba ta girgiza, na huɗu sai ya kawo tangaɗi. Madubi mai faɗin santimetir 20, irin wanda Bafaranshe Jean Texereau ya koyar da ƙerawa cikin littafinsa na 1951, tokare uku sun ishe shi, muddin kaurinsa ya kai kashi ɗaya bisa shida na faɗinsa. Da John Dobson na San Faransisko a Amurka ya yaɗa manyan madubai marasa kauri, waɗansu daga tagogin jiragen ruwa, sai uku suka kasa. Aka koma ga 9 ko 18, bisa ƙananan faranta masu kusurwa uku da ke lilo kamar ma'auni, kowane tokare da rabonsa daidai. Gefen madubi kuma a rataye shi cikin ɗamara.

To, a ina za a kafa tokaren? Shekara da shekaru ana gadon magana guda, cewa a sa su a kashi 70 bisa 100 na tazarar da ke tsakanin cibiya da baki. A 1999 David Lewis na Jami'ar Toronto a Kanada ya bayyana wata manhajar kwamfuta mai suna PLOP, wadda ta nuna cewa ga tokare uku, wajen kashi 40 ya fi. A can madubi yakan lanƙwasa bai ɗaya, sai dai a ɗan gusa gilashin leƙawa hoto ya koma garau. Ta kuma nuna cewa sau da yawa tokare 6 sun fi 9, ga sauƙin aiki ga makeri.

Amma ɓarnar da ta fi yawa ba ta lissafi ba ce, ta tsoro ce. Maƙeri yana gudun kada madubinsa ya faɗo, sai ya ƙulle ƴan maƙalan baki tam. Ƙa'ida ita ce a bar tazarar da takarda za ta ratsa tsakaninsu da gilashi. In an matse, tauraro da kansa ke tona asiri, ya fito da kusurwa uku maimakon ɗigo.