Ku daina ɗora wa iyaye laifin ƙofar da kuka rufe

Wai iyaye ne matsalar. Maganar da wani babba ya sake maimaitawa ke nan a taron iyaye da malamai na kwanan nan a yankinmu: wai mutanen ƙauye ɓoye yaransu masu naƙasa suke yi, sun gwammace su tura su bara kasuwar Jega. Aka tafa, aka shafa fatiha, aka watse. Ni dai na gaji da wannan zance, domin zalunci ne.

Duk wanda ya san Aliero ya san layin da ake yi a gidajen masu ɗori. Uwa za ta sayar da akuyarta, ta goya yaro ɗan shekara bakwai, ta hau mota daga Maiyama ko daga nesa da nan, don kawai a duba mata ƙafarsa. Wannan uwar ce za a ce ba ta damu da ɗanta ba? Ta kai shi makaranta. Abin da ta tarar shi ne ya maido ta gida.

Ku je ku duba. Yaron da shan-inna ya taɓa yana rarrafe, silifa a hannuwansa, ya iso bakin aji ya tarar da matakala. Ban ɗaki kuwa, inda ma akwai shi, kada a yi maganarsa. Yarinya kurma an ajiye ta a bencin baya, malam yana magana fuskarsa na kallon allo, gobe a zane ta a ce taurin kai gare ta. Mahaifiyarta ta san alamar da take yi in tana jin ƙishirwa, ta san wadda take yi in ba ta gane ba. Wa ya taɓa kiran matar nan ya tambaye ta?

Hukumomin makaranta za su ce babu kuɗi. Wannan waƙar mun haddace ta. Nawa ne kuɗin dawo da yarinya bencin gaba? Buhun siminti nawa gangaren keken guragu zai ci? Buhari, lokacin yana shugaban ƙasa, ya sa hannu a dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci a watan Janairun 2019, ta ba gine-ginen gwamnati shekara 5 su gyara hanyar shiga, wa'adin ya cika a Janairun 2024. Tun 2004 dokar ilimin bai-ɗaya ta wajabta karatun firamare kyauta ga kowane yaro, ba ta ce ban da makaho ba. Masu cewa a tattara yaran nan a kai makaranta ta musamman a birni kuma, su fara raba nasu ɗan shekara shida da uwarsa, sannan mu yi magana.

Dama tun asali taron iyaye da malamai a wurinmu taron karɓar kuɗi ne. Kuɗin tsintsiya, kuɗin alli, kuɗin rufin da iska ta kwashe. Maza ne zalla a kan benci, alhali masu wanke yaran nan da ciyar da su suna cikin gida, ba a gayyace su ba. Kwamitin kula da makaranta ma yana da gurbin mata, amma a wurare da yawa sunan yana takarda ne kawai.

Idan hedimastan makarantarmu da gaske yake, ya tura malama ta shiga gidajen garin Dangamaji gida-gida, ta zauna a tabarma da uwayen nan, ta rubuta abin da kowane yaro yake buƙata kafin a koma hutu.